Karatun Bayan Labule: Me Jami'a Ke Koya wa Masu Tsara Dandamali, Haske da Sauti?

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gidajen da murna ke komawa ciki da zarar an ga cewa sashen wasan kwaikwayo aka tura yaro. Tambayar da iyaye ke yi ba ta cika canzawa ba: shekara huɗu za a yi ana biyan kuɗin makaranta domin a koya masa abin da yara ke yi kyauta a lokacin tashe? A ɗaya gefen kuma, a 2023 gwamnatin tarayya ta ware ma'aikata guda domin al'adu da sana'o'in ƙirƙira, bankunan ƙasar nan sun zuba kuɗi wajen gyara babban zauren wasanni na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka sauya wa suna zuwa na Wole Soyinka a 2024, kuma jami'ai ba su gajiya da faɗin cewa wannan fanni zai samar wa matasa aikin yi. Masu ƙyamar karatun da masu yabonsa duka sun fi kallon wanda ke tsaye a gaban jama'a yana magana. Ba a cika tambayar wa ya gina wurin da yake tsaye, wa ya haska fuskarsa, wa ya sa muryarsa ta kai kujerar ƙarshe, kuma a ina ya koyi yin hakan ba. Wannan ɓangare shi ne karatun tsara dandamali da gudanar da kayan aikinsa, kuma yadda ake koyar da shi a matakin digirin farko ya cancanci a warware shi.

Mene ne fannin, kuma su wa ke cikinsa?

Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya san abubuwa da yawa: soro ne ko kasuwa, fada ce ko ɗakin asibiti, hantsi ne ko tsakar dare, gidan mai hali ne ko na wanda duniya ta juya wa baya. Ba wanda ya faɗa masa, idonsa da kunnensa ne suka karanta, kuma akwai mutanen da suka zauna suka tsara abin da zai karanta ɗin. Akwai mai tsara wuri, wanda ke zana bangaye, ƙofofi, matakala da duk wani gini na wucin gadi. Akwai mai tsara haske, da mai tsara sauti, da mai tsara sutura da kwalliyar fuska, sannan da mai tanadin kayan hannu, wato duk abin da ɗan wasa zai ɗauka ko ya ajiye, tun daga buta har takobi.

Waɗannan su ne masu tunani da zane. Bayansu akwai masu aiwatarwa, kuma bambancin da ke tsakanin rukunan biyu kamar bambancin mai zanen gida ne da magini: ɗaya ya ce ga yadda ya kamata abu ya kasance, ɗayan ya san katako nawa, ƙusa nawa, waya mai kaurin me, da kwana nawa za a ci kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shugaban masu aiwatarwa shi ne daraktan fasaha, wanda ke mai da zane lissafi da kasafin kuɗi, kuma shi ne ke da hurumin cewa wannan bangon ba zai ɗauki nauyin mutum ba ko da mai zane ya nace. Sai kuma manajan dandamali, wanda da zarar an fara wasa ragama ta bar hannun daraktan wasan, wato mai ba da umarni, ta koma hannunsa. Digirin da ake magana a kai yana ƙoƙarin haɗa waɗannan sana'o'i ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya ba ɗalibi ido irin na mai zane da hannu irin na mai sana'a.

Yadda aikin ya shiga jami'a

Shekaru aru-aru ana gadon wannan aiki ne daga maigida zuwa yaronsa, a Turai kamar yadda yake a ko'ina. Wutar lantarki ce ta sauya lamarin. A 1881 aka buɗe zauren Savoy a Landan da fitilun lantarki a madadin na gas, kuma ba a jima ba aka lura cewa sabon hasken yana tona asirin tsohuwar dabara ta zana daji ko fada a jikin ƙyalle a rataye a baya, domin ido yana gane cewa mutum mai jiki ne ke tsaye a gaban hoto marar kauri. Adolphe Appia ɗan ƙasar Suwizalan da Edward Gordon Craig ɗan Ingila suka yi ta jayayya cewa a rage fenti, a gina matakala da tudu da gangara waɗanda ɗan wasa zai taka da gaske, a bar haske da inuwa su yi sauran aikin. Daga nan tsara dandamali ya tashi daga ado ya zama hanyar fassara labari, abin da kuwa ake iya yin gardama a kansa da hujja jami'a ba ta barinsa a waje. A 1914 kwalejin fasaha ta Carnegie da ke Pittsburgh a Amurka ta fara ba da digiri a fannin wasan kwaikwayo, a 1932 kuma Stanley McCandless na jami'ar Yale ya wallafa tsarinsa na haska dandamali, wanda har yau ake fara koya wa ɗalibai a ƙasashe da dama, har da Nijeriya.

Daga Ibadan zuwa Samaru

A Nijeriya, jami'ar Ibadan ce ta fara, da makarantar wasan kwaikwayo da ta buɗe a farkon shekarun 1960, wadda ta zama cikakken sashe a 1970. Cikin waɗanda suka kafa harsashin ɓangaren fasaha a can akwai Dexter Lyndersay ɗan ƙasar Trinidad, da Demas Nwoko, wanda a Zariya ya yi karatun zane kafin ya tafi Faransa ya koyo tsara dandamali. Nwoko bai tsaya kan labule da fenti ba, ya zarce har ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu zanen gine-gine na ƙasar nan, a 2023 kuma aka ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa a babban baje kolin zanen gine-gine na birnin Venice. Mai tambayar inda wannan karatu zai iya kai mutum yana iya duba nan.

Labarin Zariya ya fi kusa da mu, kuma ya fi ƙunsar darasi. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a ƙarƙashin sashen Turanci, da jagorancin Michael Etherton. Da aka zo maganar wurin wasa, ba a kwaikwayi zauren Turawa mai rufi da jan labule da kujeru a jere suna fuskantar gaba ba. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine da ke koyarwa a jami'ar a lokacin, Steven Ehrlich, ya zana wuri irin tsarin gidan Bahaushe, magina na gargajiya suka ɗora shi da ƙasa da tubali: ɗakuna masu zagaye da rufin ciyawa, katanga ta haɗa su, fili a tsakiya, sama a buɗe. A irin wannan wuri mai kallo yana kewaye da ɗan wasa ne kamar yadda ake yi a dandali, don haka ba inda za a kafa bangon ƙarya a ɓoye abu a bayansa, dole mai tsarawa ya yi aiki da tabarma, turmi, ƙyalle, inuwar katanga da fitilu ƙalilan. Daga wannan sashe ne malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka ana shirya wasanni da manoma kan matsalolinsu, inda dandamalin shi ne gindin bishiya. A ganina, wannan gini na ƙasa ya amsa wata tambaya tun kafin a fara yinta da ƙarfi, wato ko fannin nan baƙo ne da sai da kayan Turai yake tsayuwa. Al'ummar da ta san wasan gauta, kalankuwa da shirin hawan sallah ta daɗe da sanin yadda ake tsara fili, sutura da shigowar jama'a domin ido.

Yau akwai sassan wasan kwaikwayo a jami'o'in Arewa da dama, ciki har da Jos da Bayero a Kano. A Jos kuma akwai cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA, waɗanda ke horar da masu haske, sauti da kyamara ta fuskar fim da talabijin.

Abin da ɗalibi ke koya da hannunsa

Darasin farko shi ne karatu, ba sassaƙa ba. Ana ba ɗalibi rubutaccen wasa ya karanta shi sau da yawa yana fitar da abin da labarin ke buƙata: ƙofa nawa, wa ke shiga ta ina, a wane zamani abin ya faru, me ya kamata mai kallo ya ji a ransa a wannan fitowa. Idan labarin fadar wani sarki ne kafin zuwan Turawa, sai ya bincika irin rawani, alkyabba da shimfiɗar wancan lokaci, domin kujerar roba ɗaya ko agogon hannu ɗaya ya isa ya rushe aikin wata guda. Daga nan sai zanen ƙasa, wanda ke nuna wurin kamar daga sama ake kallonsa, sannan ƙaramin samfuri na kwali da aka rage bisa ma'auni. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa 25, ma'ana ƙofa mai tsayin mita 2 za ta zama santimita 8 a samfurin. A kan wannan ɗan akwati ake gano cewa mai zama a kujerar gefe ba zai ga gadon da aka ajiye a lungu ba, kuma gyara kwali ya fi gyara katakon da aka riga aka yanka araha.

Haske ne inda ilimin littafi da yanayinmu suka fi cin karo. Tsarin McCandless ya ce a haska ɗan wasa da fitilu biyu daga gaba, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowace a karkace kusan digiri 45, ɗaya mai launi mai ɗumi ɗaya mai sanyi, domin fuska ta fito da siffarta maimakon ta baje. Tsari ne mai kyau, amma a kan farar fata aka gwada shi. A tsayar da baƙin mutum cikin farar babbar riga ta shadda da ta sha bugu tana ƙyalli, a sakar masa fitila mai ƙarfi daga gaba: rigar za ta mai da hasken gaba ɗaya, ido ya bi ta, fuskar ta nutse, idan kuma da kyamara ake ɗauka abin ya fi muni, domin ko dai rigar ta ƙone ta zama farin fili ko fuskar ta zama duhu. Wanda bai sani ba zai ƙara fitila, matsalar ta ƙaru. Wanda aka horar zai koma wurin mai sutura ya nemi a sauya farar shaddar da mai ruwan madara ko ruwan ƙasa, ya rage hasken bangon baya, ya sa wata fitila daga sama ta bayan ɗan wasan domin ta zana gefen hularsa da kafaɗunsa ta raba shi da bango, sannan ya gwada launuka a kan fatar mutumin da zai hau dandamalin, ba a kan tafin hannunsa ba. Wannan misali kaɗai ya nuna abin da ya sa ake koyar da sassan tare: matsalar haske ce, amma rabin maganinta yana hannun tela.

Sai lissafin wuta, wanda a ƙasar da janareta ne gatan kowane taro ba a isa a tsallake shi ba. Tsohuwar fitilar dandamali guda tana cin wat 1,000, a wutarmu mai ƙarfin bolt 230 kuwa hakan ya haura amfiya 4. Soket ɗin bango na gida mai amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000, wato fitilu uku sun kai shi maƙura, ta huɗu kuma sai fis ya yanke, idan kuwa an riga an ɗaure fis ɗin da waya kamar yadda aka saba, sai wayar bango ta yi zafi a cikin silin inda ba mai gani. Fitilu 24 irin waɗannan suna neman wat 24,000, ban da na'urorin sauti, don haka ɗalibi zai koyi raba nauyin a kan layuka, ya zaɓi kaurin waya, ya san girman injin da za a hayo da rarar da za a bar masa. Fitilun zamani na LED sun rage wannan nauyi ƙwarai, suna kuma sauya launi ba sai an sa musu leda mai launi a baki ba, amma sun zo da nasu karatun: kowace fitila tana da lambar adireshi, ana sarrafa su daga tebur ɗaya ko kwamfuta ta hanyar tsarin DMX da aka amince da shi tun 1986, kuma masu arha daga cikinsu suna ɓata launin fata ko su riƙa ƙyaftawa a kyamara.

Sauti ma haka yake. Kowa ya taɓa zama a wurin wa'azi ko ɗaurin aure inda lasifika ta cika wuri da ƙara amma ba a gane abin da ake faɗa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda, wutar da ke cikin waya kuwa nan take take isa. Idan aka kafa lasifika ta biyu mita 34 daga ta farko, wanda ke zaune kusa da ita zai ji kalma daga gare ta, sannan bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya sake jin kalmar daga ta gaba, sai maganar ta cakuɗe. Maganin ba ƙarin murya ba ne, jinkirta lasifikar baya ne da daidai wannan ɗan lokaci. Kukan da makirfo ke yi idan ya fuskanci lasifika shi ma yana da dalili da magani, kuma ba dukan kan makirfon da yatsa ba ne.

Manajan dandamali shi ke ɗinke duk wannan. Yana riƙe da kundi guda wanda aka rubuta kowane sauyin haske, kowace ƙara, kowace shiga da fita a gefen layin maganar da za ta zo da su, kowane da lambarsa. A daren wasa yana zaune da abin magana a kunne, ya ce wa mai haske ya shirya wa lamba kaza, idan kalmar ta faɗo ya ba shi izini. Aiki ne na tsare lokaci, rubuta komai da iya zama da mutane masu zafin kai, shi ya sa waɗanda suka ƙware a kansa ba su sha wahalar komawa shirya manyan taruka ba.

Darasin da ya shafi rai

A ranar 30 ga Disamba, 1903, tartsatsi daga wata fitila ya kama labule a zauren Iroquois da ke Shikago, mutum kusan 600 suka mutu, da yawansu a bakin ƙofofin da suka kasa buɗewa. Dokokin da suka biyo baya su ne tushen abubuwan da yanzu ake ganin kamar dama can haka suke: ƙofar fita ta buɗe zuwa waje, alamar mafita ta kasance a kunne ko da wuta ta ɗauke, kada a toshe hanya da kujera. Mu ma muna da namu tabon. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano, fiye da mutum 300 suka rasu, kuma mutane da yawa a lokacin sun fassara abin a matsayin sakamakon zuwa wurin da bai dace ba, fassarar da ta ƙara nisanta jama'a da gidajen kallo. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan, tambayoyin da ɗalibin fannin nan ke koyon yi suna nan daram: mutum nawa wurin zai ɗauka, ƙofa nawa ce, ina take buɗewa, me aka rataye a kan jama'a kuma da me aka ɗaure shi. Zaurukan biki da suka cika biranenmu, waɗanda ake lulluɓe bangonsu da silin ɗinsu da yadudduka masu saurin kama wuta, a bi bayansu da wayoyin da aka haɗa da salatif, suna buƙatar mai yin waɗannan tambayoyi fiye da yadda suke buƙatar ƙarin furanni.

Inda gizo ke saƙar

A Amurka akwai digiri na musamman da ɗalibi ke shiga tun daga ranar farko a matsayin mai tsarawa ko mai aiwatarwa. Ana ɗaukarsa ne bayan an duba ayyukan da ya taɓa yi an kuma tattauna da shi, kusan kashi biyu cikin uku na karatunsa a kan fannin yake, kuma kowane zango yana da aiki a cikin wasan da makarantar ke shiryawa. A Birtaniya ma makarantu irin su RADA da Guildhall suna da kwasa-kwasan fasahar dandamali daban da na 'yan wasa. A yawancin jami'o'in Nijeriya kuwa digiri ɗaya ne na shekara huɗu, ko uku ga mai shiga kai tsaye, wanda ya tattara tarihi, nazari, rubutun wasa, fitowa, ba da umarni, rawa, kiɗa, aikin rediyo da talabijin da gudanarwa, ɓangaren fasaha kuma darussa ne ƙalilan a cikinsu, sai a shekarun ƙarshe ɗalibi ke karkata gare shi idan ya so.

Wannan tsari yana da masu kare shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kasuwar aikinmu ba ta da faɗin da mutum zai rayu a kan haske kaɗai, wanda ya san kaɗan daga kowane ɓangare ya fi samun abin yi, kuma mai tsarawa da bai san adabi da tarihi ba mai haɗa waya ne kawai. Amma illarsa a fili take: sa'o'in da hannu ke taɓa kayan aiki sun yi kaɗan. Aji mai ɗalibai da yawa da tebur ɗin sarrafa haske guda, wanda wataƙila ya girmi ɗaliban, yana iya yaye mutumin da zai rubuta shafi biyar kan Appia amma bai taɓa hawa tsani ya saita fitila ba. Kayan kuma daga waje ake shigo da su da dala, faɗuwar naira ta sa sabunta su ya fi ƙarfin kasafin sashe.

Akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba, tana kuma bakin ƙofar shiga. Saboda sashen yana ƙarƙashin tsangayar adabi ko ta sadarwa, abin da ake nema a jarrabawar JAMB da ta kammala sakandare darussan adabi ne, musamman adabin Turanci. Yaron da ya fito daga kwalejin koyon sana'a, wanda ya san lantarki, walda da zanen injiniya, sau da yawa ba shi da takardar da za ta shigar da shi, wanda ke da takardar kuma ya rabu da ilimin fiziks tun ajin farko na babbar sakandare. Sakamakon haka ana koyar da lissafin wuta ga wanda ya gudo daga lissafi, wanda ke sonsa kuma yana waje. Sabon kundin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, kuma nan ne sashen da ke da niyya zai iya faɗaɗa ɓangaren fasaha, ya haɗa kai da sassan injiniya, zanen gine-gine da zane-zane da ke harabar jami'a ɗaya da shi.

Jami'a ko wurin maigida?

Masu sana'a a Kano da Kaduna suna da tasu maganar, kuma tana da nauyi. Yawancin masu haske da sauti na Kannywood, da masu kayan sauti da adon zaurukan biki, ba a aji suka koya ba, sun fara ne da ɗaukar waya da naɗe ta a bayan maigida har hannunsu ya faɗa. Suna da sauri, sun san kasuwa, sun san yadda ake gyara abu da ƙarfe biyun dare, kuma ba su cika ganin girman mai digirin da ya zo yana gyara musu magana alhali bai iya haɗa filogi ba. Abin da koyo a wurin maigida ba ya bayarwa shi ne dalili. Yaro yana gadon abin da ya yi aiki jiya tare da kurakuransa, idan aka kai shi sabon wuri ko aka kawo sabuwar na'ura sai ya koma lalube, kuma ba ya iya sa aikinsa a takarda ta yadda wani zai aiwatar, ko ya gabatar da kasafi ga kamfanin da ke neman zane kafin ya saki kuɗi. Ni ina ganin kowane ɓangare yana riƙe da rabin da ɗayan ya rasa, kuma laifin jami'a ya fi yawa a wannan rabuwa, domin ita ce ke da ikon gayyato ƙwararren mai sana'a ya koyar, ta tura ɗalibai horon aiki na gaske, ta kuma buɗe gajerun kwasa-kwasai ga waɗanda ke cikin aikin ba su da takarda.

Sai damuwar iyaye da malamai game da tarbiyya, wadda ba ta kau ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano bayan da malamai da jama'a da dama suka yi tir da shi, abin da ya nuna cewa duk maganar bunƙasa wannan fanni a Arewa da ta yi biris da wannan damuwa ba za ta je ko'ina ba. Abin da ake ƙorafi a kai, wato cuɗanyar maza da mata, rawa da gwajin wasa da dare, yana cikin tsarin karatun da gaske, domin ɗalibin da ke son haske ma sai ya bi ta darussan fitowa a shekarun farko, kuma yaudara ce a ce wa uba babu su. Sai dai ƙwarewar kanta ba ta da alaƙa da irin taron da za a yi amfani da ita. Ilimin da ke haska wasa shi ne ke haska musabaƙar Alƙur'ani da ake nunawa a talabijin, shi ke sa a ji tafsirin watan azumi a sahun ƙarshe, shi ke tsara ɗakin labarai na gidan talabijin da wurin baje kayan tarihi. Raba hanyar masu fasaha da ta 'yan wasa tun da wuri zai rage wannan fargaba, ya kuma gyara matsalar ƙarancin sa'o'in aiki a lokaci guda.

Abin da mai niyyar shiga ya kamata ya auna

Aikin da ke jiran mai wannan ilimi ba kasafai yake zuwa da albashin wata ba. Mafi yawansa kwangila ce: fim a wannan wata, taron kamfani ko gangamin siyasa a wata mai zuwa, sannan zaman jira. Ana tafiye-tafiye, ana kwana a wurin aiki, ana ɗaukar kaya masu nauyi, mai son tsayawa da kansa kuma sai ya tara jarin kayan haya. Mata sun fi yawa a ɓangaren sutura da kwalliya, wanda ke da kasuwa a wajen dandamali saboda bukukuwa, ko da yake babu abin da ke cikin tebur ɗin haske ko kundin manaja da ya fi ƙarfin mace.

Kafin a cike fom, ya fi amfani a je sashen da ƙafa a kan a dogara da sunan jami'ar. A nemi ganin wurin wasan da ɗakin kafinta, a tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe wasa nawa ake shiryawa a zango da kuma ko su ne ke riƙe da fitilu ko hayar mai yi ake ɗaukowa daga gari, a ji ko akwai malamin da fanninsa ke nan ko wani ne ke riƙon ƙwarya. A kuma tambayi maganar kuɗi tun da wuri, domin a sassa da yawa ɗalibai ne ke haɗa kuɗin katako, fenti, yadi da man janareta na wasannin da za a ba su maki a kai, kuma wannan kashewa ba ta cikin takardar kuɗin makaranta da ake nuna wa iyaye.